Yadda ake tallafa wa dabbobin kiwo da lasa da ƙarin abinci a lokacin rani

Idan ka ga saniya ta bar ciyawa ta tsaya tana gwaguyar tsohon ƙashi a bakin hanya, ko tana lasar ƙasar gindin suri, ko ta kama tsumma da leda tana taunawa, ba iskanci ba ne kuma ba maita ba ce. Jikinta ne ke neman abin da daji ya daina ba ta. Yawanci daga watan Fabrairu zuwa Mayu ake ganin haka a wajenmu, lokacin da gamba da kyasuwa da ƙarangiya suka bushe suka yi fari fat, iska ta kwashe ganyen ta bar sanda. Dabbar takan wuni tana kiwo ta dawo da ciki a cike, amma kullum haƙarƙari sai ƙara fitowa yake, tozo yana kwantawa, nono yana janyewa.

Kafin a zo kan abin da za a saya da yadda za a haɗa, akwai abu ɗaya da in mutum ya gane shi sauran duk mai sauƙi ne. Saniya da tunkiya da akuya, wato dabbobi masu tuƙa, ba su ke narkar da ciyawa da kansu ba. A cikin tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke farfasa ciyawar, dabbar kuma ta rayu da abin da suka sarrafa. Waɗannan halittu suna buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kafin su yi aiki, kamar kashi 7 cikin 100 na abin da dabbar ta ci. Ɗanyar ciyawar farkon damina ta wuce haka. Busasshiyar ciyawar bazara kuwa takan faɗo zuwa kashi 2 ko 3 ko 4. Sai halittun su yi rauni, ciyawa ta daɗe a tumbi ba ta narke ba, dabbar ta kasa cin wata saboda babu wurin zubawa. Shi ya sa za ka ga kashinta ya fito a bushe, curi-curi, da sandunan ciyawa a ciki. To, ƙarin abincin da ake magana a kai, mafi yawansa waɗannan halittun ake ciyarwa da shi, don su tashi su narkar da busasshiyar ciyawar da Allah ya hore kyauta a daji. Wanda ya ɗauka da buhun dusa zai ƙosar da garke ya ɗauko abin da aljihunsa ba zai iya ba.

Matakin farko: ware waɗanda za a tallafa wa

Mai shanu 30 ba zai iya ba kowace saniya kilo ɗaya na angurya kullum har wata huɗu ba, kuma ba ma sai ya yi ba. Ka shiga garke da safe kafin a kora, ka dube su ɗaya bayan ɗaya. Na farko a layi su ne shanun tatsa masu ƙananan maruƙa, domin su ne ke ba da abin jikinsu ta hanya biyu. Sai masu ciki da suka shiga wata ukun ƙarshe. Sai maruƙan da aka yaye a wannan shekarar. Sai shanun huɗa, waɗanda ya kamata a fara gyara su mako shida zuwa takwas kafin ruwan shuka, ba ranar da aka ɗaura musu garma ba. Manyan bijimai da shanun da ba su da ciki ba sa shayarwa za su iya jure rama, su mayar da jiki da damina. Gishiri da lasa kowa ya samu. Angurya da dusa da harawa na waɗancan ne.

Lokacin farawa kuma shi ne inda muka fi yin kuskure. Mukan jira sai saniya ta faɗi ana ɗaga ta da sanduna, sannan a ruga kasuwa neman dusa a lokacin da ta fi tsada. Saniyar da ta kai ga kwanciya ba kasafai take tashi ba, ko ta tashi ta rasa haihuwar shekarar. Da zarar an gama cin tattakar gonaki, karmami da harawar da aka bari sun ƙare, wajen Janairu ke nan a wurare da yawa, sai a fara. Sayayya kuwa da kaka ake yi. Ni a ganina gara mutum ya kai tsohuwar saniya ɗaya ko bijimi ɗaya kasuwa a watan Nuwamba yana da ƙiba, ya sayi abincin sauran, da ya riƙe su duka ya zo yana sayar da ramammu uku a farashin ɗaya a watan Mayu. Na san maganar ba ta yi wa makiyayi daɗi, amma lissafin a fili yake.

Kafin ka zuba ko kwano ɗaya, ka nemi malamin dabbobi ya ba su maganin tsutsar ciki, da na ciwon hanta idan suna kiwo a fadama ko bakin dam. In ba haka ba rabin abin da ka saya tsutsa ka ciyar.

Mataki na biyu: gishiri, kanwa da ƙashi

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni ayarin raƙuma ke sauko da kantun gishiri daga Bilma da Fashi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, ana kawo mangul da kanwa daga ƙasar Manga da Barno. A Nijar har yau makiyaya kan kora dabbobi zuwa yankin Ingal a ƙarshen damina, wajen Satumba, don su sha ruwan gishiri su lashi ƙasar wurin. Babbar saniya tana buƙatar gishiri kamar giram 30 zuwa 50 a rana, tunkiya da akuya giram 5 zuwa 10. Ba sai ka auna wa kowace ba. Ka ajiye kantu ko dutsen lasa a cikin komi a inda suke kwana, kowace za ta ɗauki gwargwadon buƙatarta. Idan sun daɗe ba su samu ba, kada ka juye musu garin gishiri da yawa a rana ɗaya, musamman in ruwan sha yana da nisa. Ka fara da kaɗan.

Abin da gishiri da kanwa ba sa bayarwa yadda ya kamata shi ne fosfaras, sinadarin da ƙasarmu ta savana ke da ƙarancinsa, don haka ciyawar da ta tsiro a kanta ma ba ta da shi sosai. Rashinsa ne ke sa saniya cin ƙashi, ya sa ta yi tafiya a sanƙare kamar mai ciwon gaɓoɓi, ya sa ta shekara biyu ko uku tsakanin haihuwa da haihuwa. Cin ƙashin mushe a daji kuma yana da nasa haɗarin, domin akwai gubar da ke taruwa a cikin ruɓaɓɓen mushe wadda ke shanye jikin dabba ta kashe ta.

Maganin yana mahauta. Ka tara ƙasusuwan dabbobin da aka yanka lafiyayyu, ban da na mushe ko kaɗan. Ka jera su a kan itace ka ƙona su sosai har sai sun yi fari suna ruɓushewa a hannu. Wanda ya tsaya baƙi bai ƙonu ba, a mayar da shi wuta. Ka daka a turmi, ka tankaɗe. Sai ka haɗa kwano ɗaya na garin ƙashin da kwano ɗaya na gishiri ka zuba a komi. Wanda ke kusa da shagon magungunan dabbobi zai iya sayen garin fosfaras na dabbobi da ake kira DCP, aikinsu ɗaya. Amma kada wani ya ce maka ka ɗebi takin supa ko kamfa ka ba dabba wai ai akwai fosfaras a ciki. Na gona daban, na ciki daban. Na gona yana ɗauke da abin da ke lalata haƙora da ƙashi.

Wani abin lura ga masu tumaki: dutsen lasa na kanti da aka yi don shanu yakan zo da sinadarin tagulla. Shanu suna buƙatarsa, amma tunkiya tara shi take a hanta har ya kashe ta. Ka karanta takardar, ko ka tambayi mai shagon ko na tumaki ne.

Mataki na uku: haɗa bulon lasa mai yuriya

Nan ne zan daɗe, domin nan amfanin ya fi yawa, nan kuma ganganci ke kisa.

Yuriya dai ita ce farin takin zamanin nan da muke zuba wa masara. Kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, kuma halittun cikin tumbi suna iya juya shi ya zama furotin. A lissafi, kilo ɗaya na yuriya yana tsaya wa kusan kilo 3 na tsantsar furotin. Sharaɗin shi ne ta shiga cikin dabbar kaɗan-kaɗan, a tsawon sa'o'i. In ta shiga da yawa a lokaci ɗaya guba ce mai saurin kisa. Duk hikimar yin bulo ke nan: a ɗaure yuriyar a cikin abu mai tauri wanda dabba ba za ta iya gutsura ba, sai dai ta lasa.

Ga abin da ake buƙata don bulo mai kilo 10. Molasis kilo 4, wato baƙin maɗin rake mai kauri da ke ragewa a masana'antar sukari irin ta Numan a Adamawa ko ta Sunti a jihar Neja. Masu sayar da abincin dabbobi a manyan garuruwa sukan kawo shi a jarka. Dusar alkama ko lallausar dusar shinkafa kilo 3, ban da ɓuntu. Yuriya kilo 1. Siminti kilo 1, irin na gini. Gishiri rabin kilo. Garin ƙashi rabin kilo. Ka nemi sikeli, ko na rataye irin na masu nama. Mudu da tiya ba su da amfani a nan, domin mudun dusa da mudun yuriya ba nauyinsu ɗaya ba, mudun wannan gari ma ba shi ne na wancan ba. Idan ka auna sau ɗaya a sikeli, ka yi wa kwanon alama da fenti ka riƙa amfani da shi.

Mutane kan yi turus idan suka ji siminti. An daɗe ana amfani da shi a wannan aikin a ƙasashe da dama, kuma a wannan adadin ba ya cutar da dabba. Shi ke ɗaure bulon.

Ka sami rabin duro ko babban baho. Ka fara zuba molasis, ka zuba yuriya a kai, ka yi ta juyawa da muciya har sai ka sa yatsa ka murza ba ka ji tsaki ko ɗaya ba. Wannan zai ci minti 15 ko 20, kuma kada ka gaji, domin dunƙulen yuriya guda da ya ɓuya a cikin bulo ya isa ya kashe rago. Idan yuriyar ta daskare a buhu, ka daka ta tukuna, ko ka narkar da ita a ɗan ruwa kaɗan. A wani kwano daban ka kwaɓa simintin da ruwa kamar rabin lita, ka zuba gishirin a ciki, ya yi kauri kamar kunu. Ka juye shi a cikin molasis ɗin ka gauraya. Sai garin ƙashi. Dusa ita ce ta ƙarshe, ana barbaɗa ta kaɗan-kaɗan ana juyawa, daga baya muciya ta gaza a koma da hannu a cuɗa kamar ana kwaɓin ƙasar gini, har launin ya zama ɗaya ko'ina, babu fari babu baƙi. Idan ka dunƙula a tafin hannu ya tsaya bai wargaje ba kuma ruwa bai tsattsafo ta tsakanin yatsu ba, ya yi.

Sai zubawa a mazubi. Ƙaramin bokitin roba, ko gwangwanin fenti da aka wanke tas, ko akwatin katako irin na masu buga bulo, duk suna yi. Ka shimfiɗa leda a ciki don kada ya manne. Ka zuba kaɗan ka danna da taɓarya, ka ƙara ka danna, har ya cika. Dannawar nan ita ce rabin aikin; bulon da ba a danna ba ko ya bushe gugguɓewa yake. Bayan kwana ɗaya ka kife mazubin ka fitar, ka jera a inuwa mai iska, a kan katako, inda awaki da kaji da yara ba za su kai ba. Kada ka shanya a tsakiyar rana, bayansa zai bushe ya tsage cikinsa yana ɗanye. Da hunturu ko bazara mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Gwajin shi ne ka danna babban yatsa da ƙarfinka: in ya lotsa, da saura.

Wanda bai sami molasis ba, kuma mu da yawa ba ma samu, zai iya yi babu shi. Dusa kilo 6, yuriya kilo 1, gishiri kilo 1, siminti kilo 1, garin ƙashi rabin kilo, yumɓu mai laushi da aka tankaɗe rabin kilo. A narkar da yuriya da gishiri a ruwa kamar lita 3 zuwa 4, a kwaɓa siminti da yumɓu da wani ɓangare na ruwan, a haɗa, sannan dusa ta biyo. Yakan fi ɗaukar lokaci kafin ya bushe, kuma dabbobi ba sa rububinsa kamar mai zaƙi, amma gishirin yana jawo su. A Nijar cibiyar binciken noma ta INRAN ta yaɗa wani nau'in bulo da ake yi da niƙaƙƙen kara da harawa da 'ya'yan gawo da dusa. Wannan shi abinci ne da ake ci, ba lasa ba, kada a rikita su.

Ban da kanwa a cikin haɗin bulo mai yuriya, kuma kada a ba su ruwan kanwa a daidai lokacin da suke lasa, domin kanwa tana sa tumbi ya saki gubar yuriya cikin jini da sauri. Haka ma ɗanyen waken suya, kada ya haɗu da yuriya a komi ɗaya.

Mataki na huɗu: yadda ake bayarwa

Ba a ba dabba mai jin yunwa. Da yamma ake ajiyewa, bayan sun dawo kiwo cikinsu da ciyawa, sun kuma sha ruwa. Kwana huɗun farko ka bar musu shi awa ɗaya kacal kana tsaye, sannan ka ɗauke. Kwana huɗu na gaba awa biyu zuwa uku. Bayan kamar mako biyu halittun tumbin sun saba, za ka iya barinsa ya kwana a wurinsu. Idan bulo ya yanke maka na wasu kwanaki, sabon ya tafi, sai ka sake farawa daga awa ɗaya.

Babbar saniya ta lashi giram 300 zuwa 500 a rana, tunkiya ko akuya giram 50 zuwa 100. Ka yi lissafi da bulon kansa: mai kilo 10 a gaban shanu 10 ya kamata ya yi kwana biyu zuwa uku. In ya ƙare a dare ɗaya ya yi laushi, ka ɗauke sauran ka ƙara shanya su, a haɗi na gaba kuma ka ƙara siminti kaɗan. In ya yi mako biyu kamar ba a taɓa ba, ya yi tauri da yawa ko ba su gane shi ba. Ka barbaɗa ɗan gishiri ko dusa a kai. Ka sa shi a cikin akwatin da ya kama shi cif, fuska ɗaya kawai a buɗe, don awaki musamman da haƙori suke zuwa, su fara daga kusurwa. Kuma a garke mai yawa a ajiye a wuri biyu ko uku, in ba haka ba manyan masu ƙaho su mamaye, waɗanda aka yi dominsu su tsaya daga nesa suna kallo.

Waɗanda ba a ba su sam: doki, jaki, kaji, zomo, da duk maraƙin da bai kai wata shida ba, da 'yan tumaki da 'yan awakin da ba su fara tuƙa sosai ba. Su ba su da tumbin da zai sarrafa yuriya. Dabbar da ta riga ta kwanta don yunwa ita ma ba da bulo ake tashinta ba, da harawa da dusa da ruwa ake lallaɓa ta.

Ruwa shi ne babban abokin gabar bulo. Na koyi wannan da tsada. Wata shekara a ƙarshen Afrilu na bar bulo a cikin rabin duro a tsakar turke na kwanta, hadari ya taso cikin dare aka yi ɗan yayyafi wanda ko ƙura bai gama kashewa ba. Da asuba na tarar ruwa ya taru a gindin duron, baƙi kamar shayi, wani ragona Balami da nake ji da shi ya shanye. Yana tsaye yana rawar jiki, yawu na dalala, ciki ya kumbura ta hagu, yana haki kamar wanda aka yi tsere da shi. Kafin yaro ya dawo daga kanti ya faɗi yana shure-shure, sai wuƙa. Tun daga ranar nake huda gindin duk abin da zan sa bulo a ciki, in yi masa rumfa, kuma in na ga gabas ta yi duhu shi nake fara ɗaukewa kafin shanya.

Alamomin kan bayyana cikin minti 20 zuwa awa ɗaya bayan dabba ta sha da yawa. Abin da ke ceto shi ne ruwan khal na girki, wato ruwan tsamin da ake kira vinegar a kanti, wanda ya kamata ya kasance a ajiye a gida tun ranar da ka haɗa bulon farko, ba a kanti ba. Babbar saniya a ɗura mata lita 2 zuwa 4, tunkiya ko akuya rabin lita zuwa lita ɗaya, a bi da ruwan sanyi mai yawa, mafi sanyin da aka samu. A ɗura a hankali ta gefen baki don kada ya bi ta huhu. A kira malamin dabbobi a lokaci guda, kuma a ci gaba da lura, domin alamun kan dawo a sake ɗurawa.

Kada a manta cewa bulo ƙishi yake sawa, yana kuma buɗe ciki. Saniya a zafin bazara tana shan lita 30 zuwa 40 a rana. Idan ka ba da bulo daji kuma an ƙone shi ƙurmus babu ciyawar ci, ba ka yi komai ba, ka ma jawo haɗari. A irin wannan hali sai ka tanadi kara ko bambaron shinkafa ko ciyawar da ka yanka ka adana tun Oktoba, ka daddatsa ka zuba musu.

Mataki na biyar: angurya, dusa, harawa da 'ya'yan itace

Bulo yana hana rama ta yi yawa, amma ba ya cika ƙwarya da nono. Waɗanda ka ware tun farko suna buƙatar wani abu a kai. Ga saniyar tatsa irin Bunaji ko Bokolo, kilo ɗaya na dusar angurya da aka matse mai, ko kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na anguryar kanta, tare da kilo ɗaya na dusar masara ko ta alkama, a raba safe da yamma, yana nuna kansa a ƙwarya cikin mako biyu. Mutanen Funtuwa da Gusau da sauran ƙasar auduga sun fi kowa sanin wannan. A fara da tafi ɗaya ana ƙarawa har mako ya zagayo. Ƙananan maruƙa ba a ba su angurya, akwai wani sinadari a cikinta da ke taɓa zuciyar dabbar da tumbinta bai nuna ba. Su a ba su harawa mai ganye da 'yar dusa. Tunkuzar gyaɗa ta fi angurya ƙarfi, rabin kilo ya isa, amma ka fasa ka sansana. Wadda ta yi fumfuna ko tana warin ɗaki a zubar, gubarta har cikin nonon da yara za su sha take bi.

Tunkiya mai shayarwa ko mai ciki, giram 200 zuwa 300 na dusa da kowar wake a haɗe, da damƙa ɗaya ta harawa. Harawar wake da ta gyaɗa darajarsu a ganye take, don haka a ɗaure su tun da sauran kore, a ɗora a rumfa ko a kan reshe, a rufe daga rana. Wadda aka bari a ƙasa har ta koma sanda sunan harawa kawai ya rage mata.

Sai gawo, wanda ya saba wa sauran itatuwa, ya zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya kuma zubo da 'ya'yansa daidai lokacin da ake nema. A sa yara su tsinto a tara a buhu. In an daka su kafin a bayar sun fi amfani, domin ƙwayar da ba a fasa ba yadda ta shiga haka take fita. 'Ya'yan kalgo ma haka. Masu sassabe reshen gawo da na marke don dabbobi, a rage hannu, a bar wa itacen abin da zai sake tohowa.

Wanda ke da fili kusa da mashekari, akwai dabarar da masu bincike suka gwada da makiyayan yankin Kachiya a kudancin Kaduna a shekarun 1980: a killace 'yan kadada, a shuka ciyawar sitailo mai furotin da damina, a hana kiwo, da rani a riƙa sakin shanun tatsa a ciki awa biyu ko uku a rana. Wahalarta shinge da gobara. Ana iya neman bayanin iri a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya.

Lokacin dainawa

Ruwan farko ba shi ne ƙarshen wahala ba, sau da yawa ma a nan ake asara. Tsohuwar ciyawa ta jiƙe ta ruɓe, sabon tsiro kuma bai kai a kama da harshe ba, shanu su wuni suna bin kore suna ƙona ƙarfinsu, ga gudawa saboda tsiron kusan duk ruwa ne. A waɗannan makonni biyu zuwa uku ka ci gaba da ba su busasshen kara ko harawa da safe kafin su fita, da dusarsu da yamma. Idan ciyawa ta kai tsawon tafin hannu, kashinsu ya daidaita, sai ka janye bulo mai yuriya gaba ɗaya, domin ɗanyar ciyawa ta wadatar da naitirojin, ga kuma haɗarin ruwan sama. Dusa da angurya a rage su a hankali cikin mako guda. Gishiri da garin ƙashi kuwa suna nan a komi duk damina, a ƙarƙashin rumfa. A lokacin ne dabba ke girma da yin nono da ɗaukar ciki, buƙatarta ta fosfaras ta fi ta rani. Bulon da ya rage a naɗe shi a leda, a ɗora a kan katako a ɗakin da ba ya yoyo, a kulle ƙofar saboda awaki.